Wa Ya Amsa?

Duk ranar Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin masu shara su gama goge barandar hedikwata, akwai wani mutum da ke buɗe ƙofar wani ɗan ɗaki a bayan ma'ajiyar magunguna. Ɗakin ba shi da taga, kuma sanyinsa kamar na firji, don na'urorin da ke ciki ba sa son zafi. Shi ya sa ko ana tsananin rana za ka gan shi da tsohuwar rigar sanyi ruwan toka, wadda gwiwar hannunta ta sha faci. Yakan rataye jakarsa a ƙusa, ya tsaya gaban akwatin ƙarfe mai ƙananan fitilu yana binsu da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Sannan ya zauna gaban kwamfuta ya danna wani abu, takarda ɗaya ta fito a firintar kowane reshe cikin rassa tara na asibitinmu. Daga nan sai ya jawo waya.

"Salamu alaikum. Wa ya amsa?"

Ba ya karɓar "mu ne". Sai ka faɗi ko kai wane ne, da reshen da kake tsaye, sannan ka ɗauko takardar da ta fito ka karanta masa abin da ke samanta da bakinka. In ka karanta daidai, ya ce, "Madalla, ta isa inda aka aike ta." Ya kashe, ya kira na gaba. Shekara goma sha bakwai yana wannan, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin ma'aikata. A gaban idonsa Injiniya muke ce masa, in ya ba da baya kuma Wa-ya-amsa.

Ni nas ce a reshen bakin gada, mafi nisa daga hedikwata. Cikin shekarun nan goma sha bakwai, sau ɗaya tak na ɗauki wannan wayar. A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki, bayan shekara ashirin da shida, saboda idanunsa. Likitan ido ya ce jijiyar ce ke mutuwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. An yi masa ɗan taro a hedikwata, aka ba shi agogon bango da takardar yabo mai firam, mutumin da ba ya iya karanta ko ɗaya daga cikinsu. Ban je ba. Wannan rubutun shi ne zuwan nawa, kuma na san mai ɗakinsa ce za ta karanta masa.

Bari in fara da bayanin aikinsa, don da yawa cikinmu mun yi shekaru muna cin amfaninsa ba mu san me yake yi ba. Rassanmu suna warwatse, wani a tsakiyar kasuwa, wani a kan tudu, wani tafiyar awa uku a mota. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa ɗaya ne, a hedikwata. Mu ɗebi jini mu ba direba ya kai, su gwada, su turo sakamako ya fito a firintarmu. Abin da ke haɗa mu shi ne VPN, wanda Injiniya ke kwatanta shi da hanya mai rufi da aka haƙa tsakanin gida da gida, ba mai ganin wanda ya bi ta ciki. Amma hanya kaɗai ba ta kai saƙo. Dole kowace kwamfuta da kowace firinta ta kasance da lambarta, kamar lambar gida, kuma kowane reshe ya kasance da nasa rukunin lambobin da ba wanda ya yi tarayya da shi. Masu aikin suna ce wa wannan rukuni sabnet. Shi unguwa yake cewa.

Na taɓa ganinsa yana wannan rabon a teburin ofishinmu, da fensir da littafinsa mai baƙin bango. Yana lissafi da yatsu kamar ɗan firamare: biyu, huɗu, takwas, sha shida, talatin da biyu, sittin da huɗu. Babban reshe ya yanka masa babbar unguwa, ƙarami ya yanka masa ƙarama, ya bar fili a gefen kowanne saboda gaba. Mai ba da magani na reshenmu, wanda bakinsa ba ya shiru, ya leƙa ya ce, "Injiniya, wannan ai rabon gado ne. Ina kason mata?"

"Kason mata yana nan," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Kai dai ka daina cusa wayarka a unguwar ɗakin haihuwa."

Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. A lokacin ko gaisuwarsa ba na amsawa, kuma ga dalili.

Lokacin da aka buɗe reshen bakin gada, mu ne na huɗu. Injiniya ya zo ranar wata Alhamis da rauta sabuwa a kwali, wato na'urar da ke riƙe bakin hanyar tsakaninmu da hedikwata. Irin waɗannan na'urori dukkansu da rukunin lambobi iri ɗaya suke fitowa daga kamfani, sai mai haɗawa ya canza. Bai canza ba. Ya manta cewa ta reshen kasuwa ma, wadda wani ya haɗa tun kafin zuwansa, ba a taɓa canza ta ba. Kuma yana da wata ɗabi'a ta ba kowace firinta lamba ashirin, don saukin tunawa. Sai ya zama unguwa biyu suna da suna ɗaya, kuma a cikin kowace akwai gida na ashirin.

Ba wai bai gwada ba. Ya gwada. Da ya koma hedikwata ya kira lambar firintarmu ta kwamfuta, kamar yadda masu aikin ke yi, aka amsa nan take. Ya sa alamar daidai a littafinsa ya rufe. Firintar reshen kasuwa ce ta amsa masa.

Ranar Litinin da ta biyo baya na kawo mahaifina. Baba mai gyaran agogo ne, ɗan shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, kuma duk wanda ya san ni a lokacin da 'yar mai agogo ya san ni. Ya kwana uku yana amai, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Da kyar na lallaɓo shi, yana ta mita wai ya bar agogon mutane a buɗe. Ni da hannuna na ɗebi jininsa na ba direba. Likitan reshenmu ya ce a jira sakamako kafin a san inda aka dosa.

Da la'asar na kira ɗakin gwaji, suka ce sun turo. Na tsaya gaban firinta, shiru. Ranar Talata na sake kira. Wadda ta ɗauka ta ce dokar aiki ta hana karanta sakamako a waya, amma za ta sake turowa. Ta turo. Na jawo kujera na zauna gaban wannan firinta kamar mai gadinta, na buɗe ta na rufe, na ƙara takarda, na kashe na kunna. Da yamma suka turo na uku. Kowa a reshen yana cewa netwok ne, sabon wuri sai a hankali. Baba yana kwance a gadon ƙarshe kusa da taga, yana kallon agogon bangon ɗakin, har ya ce min, "Ke, wannan agogon naku yana baya da minti huɗu. In na tashi zan duba muku shi."

Ranar Laraba da safe numfashinsa ya sarƙe. Muka ɗauke shi a guje zuwa babban asibiti, inda aka ce ƙodarsa ta daina aiki. Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Ba wanda ya nemi ba'asi. An riga an ɗora wa netwok, shi kuwa netwok ba shi da fuskar da za a kalla. Da Injiniya ya ja bakinsa ya yi shiru, ya je ya gyara lambobin a ɓoye, wallahi har yau ba wanda zai sani. Amma abin ya tsaya masa a rai. Direbanmu, wanda shi ya kai shi, ya ba ni labari daga baya. Ya ce suna cikin tafiya Injiniya yana buɗe littafinsa yana rufewa, can sai ya ce, "Juya, kai ni reshen kasuwa." Ya shiga ya wuce kai tsaye wurin kwandon da suke tara takardun da ba su san mai su ba. Ya tone shi. Ga takardu uku, duk da sunan Baba, duk da jan layi a ƙarƙashin lambobin ƙoda da rubutun a kai shi babban asibiti da gaggawa. Direba ya ce nan ya ga ƙato ya sulale ya zauna a ƙasa, a gaban mutane.

Ya kai takardun gaban shugabanni ya ce shi ne. Sannan ya zo gidanmu, ranar da masu ta'aziyya suka fara raguwa. Ina tuna falon, agogunan Baba a jere a bango kowane na bugawa, ba mai gyara su. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, ya ajiye takardun a gabanta.

"Inna, ni ne na haɗa na'urar reshen. Kuskurena ne ya kai sakamakon Baba wani wuri. Kwana biyu yana can ba wanda ya gani. Na zo ne ku ji daga bakina."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Ba ta iya karatu ba, ba ta ko taɓa takardun ba. Ta ce, "Tashi, ɗana. Lambobi aka ba ka ka raba, ba kwanaki ba. Nasa ne suka ƙare. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Ita ta yafe. Ni ban yafe ba. Ɗauki takardunka ka fita."

Ya ɗauka ya fita. Inna ta ce, "Ke, wace irin magana ce wannan?" Na shige ɗaki na rufo ƙofa.

Ni mace ce mai riƙo, kowa ya sani, har ƙannena suna cewa in aka ba ni ajiyar fushi ba ya ɓata. Likitan babban asibiti ya gaya mana cewa ƙodar ta daɗe da lalacewa, kwana biyun nan wataƙila da sun yi amfani, wataƙila da ba su yi ba. Na ɗauki "wataƙila" ta farko na rungume, na jefar da ta biyu. Duk Litinin in wayar teburin ta yi ƙara ƙarfe takwas saura, sai in tashi in tafi duba marasa lafiya, mai ba da magani ya ɗauka. In Injiniya ya zo reshen ya gaishe ni, in dubi bango. Bai taɓa fasa gaisuwar ba.

Shugabanni sun ja masa kunne a rubuce suka bar shi a aiki. Wani da ya sami haka sai ya lafe. Shi sai ya ɗauki abin da ba wanda ya sa shi. Ya zauna ya sake raba lambobin asibitin gaba ɗaya daga tushe, kowane reshe da unguwarsa, ba wadda ta shiga cikin wata. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya a ranakun hutunsa, don kada a tsayar da aikin marasa lafiya. Kowace kwamfuta, kowace firinta, kowace na'urar ɗakin gwaji, sai da ya taɓa ta da hannu, ya canza lambarta, ya manna mata 'yar farar takarda. Shekara biyu ya yi yana wannan. Direba ya ce akwai ranar da mota ta lalace musu a hanya, Injiniya ya saɓa jaka ya hau bayan motar kaya ya ƙarasa, don ya riga ya gaya wa reshen tudu yana zuwa. Mai ɗakinsa kuma ta taɓa cewa a gaban mutane, cikin wasa amma ba duka wasa ba, ita da rauta aka aura masa, kuma rauta ta fi ta kwana.

Tun daga lokacin bai ƙara yarda da amsar na'ura ba. Yakan ce wa duk wanda ya tambaye shi dalilin kiran Litinin, "Na'ura takan ce ga ni. Ba ta cewa ni wance ce." Mutane sun yi masa dariya, har da masu cewa abin ya taɓa shi. Wani sabon manaja da aka kawo ya ce wannan ɓata lokaci ne, akwai manhajar da ke yin gwajin da kanta. Injiniya ya ce to a sa manhajar, shi ma zai ci gaba da nasa. Manajan nan ne kuma ya taɓa kawo rauta daga gidansa ya cusa a ofis don wayarsa ta fi sauri. Ba a yi awa ɗaya ba Injiniya ya bayyana a ƙofa, ya gaishe shi da ladabi, ya zare ta ya naɗe wayarta, ya fita da ita a hammata kamar wanda ya kama kazar maƙwabta a gonarsa.

Wata shekara tsawa ta ƙone rautar reshenmu ranar Asabar. Ba mu so mu dame shi, sai aka kira wani mai gyara na kusa ya sa wata. Fitila ta yi kore, kowa ya ce an gama. Ranar Litinin waya ta yi ƙara, mai ba da magani ya ɗauka.

"Wa ya amsa?"

"Ni ne, Injiniya, mai magani na bakin gada."

"Karanta min."

"Ai ba abin da ya fito."

"Wa ya taɓa rautar?"

Kafin azahar yana reshen, da gumi har cikin rigar sanyin. A ranar akwai wata mai ciki wata takwas a gadon nan na ƙarshe kusa da taga, ana jiran sakamakon jininta. Ya gyara, takarda ta fito da jan layi, aka ɗauki matar zuwa babban asibiti a take. Ita da jaririyar duk sun rayu. Ina tsaye ina kallonsa yana tattara kayansa. Ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, Sista." Na juya na ba shi baya. Yau in na tuna wannan juyawar sai kunya ta rufe ni.

Kai ne, Injiniya, wanda in aikinsa ya yi kyau ba wanda ya san yana nan. Ba a taɓa sa sunanka a allon godiya ba. Masu haihuwa suna sa wa 'ya'yansu sunan likita, wasu har na ungozoma, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya sa takarda ta fito a ɗakin da ya dace. Kai ne mai raba unguwa ba faɗa, wanda ya shekara goma sha biyar ba a ƙara samun sakamako ɗaya ya ɓata hanya ba. Kai ne kuma wanda ya yi kuskure sau ɗaya ya kai kansa, a wurin aikin da kowa ya iya cewa "ba ni ba ne".

Idanunsa sun fara ne shekara huɗu da suka wuce. Da farko ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa. Daga baya aka ga yana karo da gefen ƙofa, yana kai hannu ya shafa bango kafin ya shiga ɗaki. Labari ya kai wa Inna, a lokacin ita ma jiki ya yi nauyi. Ta sa aka buɗe akwatin Baba, ta ciro ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ta ƙulle a hankici ta ba direba ya kai masa. Na yi faɗa. Na ce kayan ubana ne. Ta ce, "Kayan mijina ne, kuma ya fi amfani a idon mai aiki da a cikin akwati." Sannan ta kamo hannuna ta ce, "'Yar nan, ki sauke kayan nan. Sun yi miki nauyi, shi ma sun yi masa." Ba ta ƙara wata uku ba ta rasu, ban sauke ba. An ce min da wannan gilashin yake karanta 'yan takardun da ya manna a jikin na'urori, har ranar da shi ma ya daina yi masa amfani.

Da aka tabbatar zai tafi, aka ɗauko wata injiniya ta gaje shi, mace mai natsuwa da ta yi aiki a wurare da dama. Wata shida ya yi yana zaunar da ita yana karanto mata lambobin daga ka, tana dubawa a littafi. Ta ce ko ɗaya bai kuskure ba. Sannan ta fito zagayen rassa da baƙin littafin a hannu. Da ta zo namu ta gama dube-dubenta, ta zauna kusa da ni tana shan ruwa.

"Sista, ke da kika daɗe a nan, ko za ki warware min wani abu? Duk unguwar da na buɗe, gida na ashirin ba kowa. Sha tara akwai, ashirin da ɗaya akwai. Har a reshen tudu da lambobi suka kusa ƙare musu, ya bar shi. Na tambaye shi, ya ce a bar shi kawai."

Ta miƙo min littafin. Shafi tara, reshe tara. A kowane shafi, a layi na ashirin, ba sunan na'ura. Sai kalma uku da fensir, rubutun na ƙara girma yana karkacewa daga tsofaffin shafuka zuwa sababbi: na mai agogo.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na shiga ɗakin ajiyar zannuwa na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. A nan ne na faɗa wa kaina abin da na shekara goma sha bakwai ina gudu. Ni nas ce. Na ga ƙafafun nan, na ga aman nan, na san abin da suke nufi. Ina da ƙafa, akwai mota. Da na ɗauki Baba zuwa babban asibiti tun ranar Litinin, ko na hau mota na je hedikwata na karɓo takardar da hannuna, ba wanda zai hana ni. Amma na jawo kujera na zauna gaban firinta, don an ce min an turo. Kuskurenmu iri ɗaya ne, ni da Injiniya: an amsa mana, mun yarda. Shi ya ɗauki nasa ya kai gaban mutane. Ni na ɗauki nawa na ɗora masa a kan nasa, ya kuwa ɗauka bai taɓa cewa ya yi yawa ba.

Litinin ɗinsa ta ƙarshe, ƙarfe takwas saura, waya ta yi ƙara. Mai ba da magani ya miƙa hannu kamar kullum, na riƙe masa hannun. Ya dube ni, ya ja baya, na ɗauki wayar.

"Salamu alaikum. Wa ya amsa?"

"Ni ce."

Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗakinsa ta cikin wayar.

"Sista?"

"Ni ce, Injiniya. Reshen bakin gada."

Ya yi gyaran murya sau biyu. "To... karanta min, Sista."

Na ɗauko takardar, tana da ɗumi. "Reshen bakin gada. Unguwa ta huɗu. Gida na ashirin da ɗaya."

"Madalla," in ji shi. "Ta isa inda aka aike ta."

Ya ɗan jira. Na san jira yake. Maganar da nake son faɗa ta ƙi fita, ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba. Da ya ji shirun ya yi yawa sai ya ce, "Allah ya ba da sa'ar aiki," ya kashe, don akwai sauran rassa biyar da ke jiransa.

Ku da kuke karanta wannan, a wurin aikinku akwai irinsa. Yana wani ɗaki a baya, ba ku san sunansa ba sai ranar da abu ya lalace. Ku neme shi ku gaishe shi tun idonsa na ganinku. Ku masu haɗa na'urori, ku canza lambar da ta zo a kwali, ku rubuta abin da kuka yi, kuma in aka amsa muku ku tambayi wanda ya amsa. Wanda kuma ya yi kuskure, ya koyi tafiyar da wannan mutum ya yi daga kwandon takardu zuwa falonmu. Masu riƙo irina kuwa, ku dube ni ku ɗauki darasi. Na jira har mutumin ba zai iya ganin fuskata ba ranar da zan sake ta.

Injiniya, na gode. Na gode a madadin mai cikin nan da 'yarta, da dubban da takardunsu suka iso ba su san da kai ba. Na gode da gaisuwar da ba ka fasa ba. Allah ya saka maka da alheri, ya sa haƙurinka ya zame maka haske a inda ido ba ya amfani.

Yaya mai ɗakinsa, ke da kike karanta masa, ki ɗan dakata a nan ki tabbatar yana ji.

Na yafe. Na yafe duniya da lahira, kuma ni ma ina roƙon ka yafe min shekara goma sha bakwai.

Makon jiya aka kawo mana sabuwar firinta. Na roƙi sabuwar injiniya ta ba ta gida na ashirin. Ta ce sai ta tambaye ka. Na ce ba sai ta tambaya ba, ni ce magajiyar mai gidan, kuma Baba bai taɓa son a bar wuri a rufe ba kowa. Ta goge fensirin da hannunta a gabana. Ta kuma yi alkawari ranar Litinin mai zuwa za ta turo takardar ƙarfe bakwai da rabi, yadda ka saba.

Na san lambar teburinmu tana kanka, ba sai an duba maka ba. Ka kira daga gida. Ina nan kusa da wayar, ni zan amsa.